Fita da Ƙananan Yara: Daga Marinar Ƙofar Mata Zuwa Bakin Teku

Duk gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara bakwai ya san yadda fita shaƙatawa ke ƙarewa idan ba a yi mata shiri ba. An fita da kwalliya da murna, an dawo bayan magariba maigida yana faɗa, ƙarami yana tsala kuka, takalmi ƙafa ɗaya ya ɓace, uwargida kuma ta yi rantsuwar ba za ta sake ba. Na yi shekaru ina fita da nawa yaran, tun daga cikin birnin Kano har bakin teku a Legas, kuma abin da na tabbatar shi ne ba da sha'awar manya ake auna fita ba, da ƙarfin autan gida ake auna ta. Nisan da za a je, sa'ar da za a tashi, abin da za a ci da lokacin da za a juyo, duk a kansa ake yanke su, ko da kuwa yayyensa za su yi ƙorafi.

Mataki na farko: a hau tsani hawa-hawa

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su tara kuɗi shekara guda, sannan su ɗauki yaran da ba su taɓa wuce gidan kakarsu ba su yi da su tafiyar kwana uku. Yaro yana koyon fita ne kamar yadda yake koyon tafiya, don haka a fara da wurin da za a je a dawo cikin sa'a biyu ko uku, inda in abu ya ɓaci za a iya tare adaidaita sahu a koma gida. A Kano irin wannan wuri ba shi da wuyar samu: akwai marinar Ƙofar Mata, akwai Gidan Makama da ke daura da fadar sarki, wanda aka gina tun ƙarni na 15 a zamanin Muhammadu Rumfa kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne, akwai kuma gidan zu na Audu Bako. Mutanen Abuja suna da Millennium Park da aka buɗe a 2003, mai faɗin ciyawar da yaro zai yi ta gudu ba tare da fargabar mota ba. Na Yamai kuwa sun more, domin gidan tarihi na Boubou Hama ya haɗa musu namun daji da rumfunan masu sana'ar hannu da ƙasusuwan dabbobin zamanin da a harabar guda.

Idan an yi irin wannan fita sau biyu ko uku, an gane wane yaro ne mai amai a mota, wane ne mai sulalewa ya bi abin da ya ɗauki hankalinsa, sai a matsa zuwa wurin cinkoso kamar kasuwar baje koli ko kallon hawan Sallah. Bayan nan ne tafiyar kwana take zuwa, irin ta Yankari. Teku ita ce ƙarshen tsani, kuma a ganina bai kamata a kai mata yaron da bai riga ya saba da jin "tsaya" ya tsaya ba.

Mataki na biyu: wata da sa'a

Daga Maris zuwa Mayu zafin Arewa yakan haura digiri 40, kuma jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin bushewa. A wannan lokaci fitar da ta dace ita ce ta safe, a tashi da ƙarfe takwas a dawo kafin azahar, ko kuma ta bayan la'asar idan wurin kusa ne. Hunturu ya fi daɗin fita, sai dai ƙura tana tayar da asma da tari, saboda haka a shafa wa yara man kaɗe ko basilin a leɓe da ƙafa, a riƙe rigar sanyi, mai asma kuma kada a bar gida sai da abin shaƙarsa. Damina tana da nata: hanyoyin karkara suna lalacewa, rafuka suna cika, sauro kuma yana yawa.

Ranar ma abar dubawa ce. Gidan zu ranar Sallah da washegarinta ba wurin mai goyo ba ne, domin turereniyar bakin ƙofa kaɗai ta isa ta gajiyar da yaro kafin ya ga ko da biri ɗaya. Wanda ya haƙura har kwana huɗu ko biyar bayan Sallah, ya je da hantsi a ranar aiki, zai samu wurin kamar nasa ne shi kaɗai. A kuma haɗa kaya tun da daddare, don kada a yi sammakon bubukuwa, an tashi da asuba amma ba a bar gida ba sai rana ta take saboda neman hular wane da safar wance.

Mataki na uku: kuɗi da kaya

A raba kuɗin kashi uku tun a gida: na mota da kuɗin shiga, na ciye-ciye da tsaraba, da na ko-ta-kwana wanda ba a taɓa shi sai dole. A riƙe tsabar kuɗi da canji, domin tura kuɗi ta waya yakan maƙale daidai lokacin da yaro ya riga ya gutsiri abin da aka miƙa masa. Yana da kyau a faɗa wa yara tun kafin a fita cewa kowa abu ɗaya za a saya masa, kuma shi zai zaɓa. Wannan magana guda tana rage rabin rigimar da ake yi a gaban masu balan-balan da motar roba.

Ruwa shi ne kan gaba a kaya, kuma a ɗauki fiye da abin da ake zaton za a sha. Abinci ya zama wanda ba ya saurin lalacewa kuma ba ya ɓata jiki: dafaffen ƙwai, gurasa, cincin, dabino, ayaba, dambun nama. Fura da nono da zoɓon kan hanya suna da daɗi, amma ba a san ruwan da aka dama su da shi ba, kuma gudawa a tsakiyar tafiya tana rushe komai. Sai kayan canji ɗaya-ɗaya ga kowane yaro (biyu ga mai famfas), tabarma ko darduma, buta da sabulu, ledoji na zuba shara da jiƙaƙƙun kaya, da zani guda na daban, wanda zai yi goyo, ya yi inuwa, ya yi shimfiɗa, ya kuma yi labule idan za a canza wa yarinya kaya. A ƙaramar jaka a saka farasitamol na yara, filasta, auduga, da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti. In babu shi, ana haɗawa da lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokalin shayi na gishiri. Kada a ƙara gishirin da nufin ya fi aiki, domin yin haka cutarwa ne.

Takalmin Sallah sabo ba na yawo ba ne. Na sha ganin yarinya da lalle da leshi tana ɗingishi saboda sabon takalmi ya sale mata dunduniya, uwar kuma ga goyo ga jaka. A sa musu tsohon da ƙafa ta saba da shi, a ajiye sabon don hoto.

Mataki na huɗu: kowane yaro da mai shi

A nan zan daɗe, domin nan ne aka fi yin asara. Yaro ba ya ɓacewa don babu manya a wurin, yana ɓacewa ne don manya sun yi yawa, kowa yana zaton yana hannun wani. Mun taɓa zuwa wata kasuwar baje koli mu manya huɗu da yara biyar. Na tsaya taya wata tukunya, uwargida tana duba atamfa a rumfar gaba, ƙanwarta tana amsa waya, sai na waiwaya na ce, "Ina yaron nan?" Uwargida ta ce, "Ba yana wurinka ba?" Shekararsa huɗu a lokacin. Minti goma muka yi muna nema, kuma ban taɓa sanin minti goma yana da tsawo haka ba. A ƙarshe wani dattijo mai sayar da faifai da kwando ne ya ɗago mana hannu. Yaron yana zaune kan tabarmarsa yana kallon yadda ake saƙa, ko a jikinsa. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, ai yaro ba a ba shi baya a kasuwa." Ban samu abin cewa ba sai godiya.

Tun daga ranar muke rabon yara da suna kafin a fita daga mota: wane yana hannun Baba, wance tana hannun Umma, wane yana hannun Gwaggo. Wanda zai shiga bayi ko zai amsa waya sai ya damƙa nasa ga wani da baki, wancan kuma ya amsa da baki cewa ya karɓa. Lokacin sallah ma haka ne, ba a tayar da kabbara gaba ɗaya; ɗaya ya yi, ɗaya ya tsare yara, sannan a canza. Ba a ɗora wa 'yar shekara tara tsaron ƙaninta a cikin taro, domin ita ma yarinya ce kuma ita ma kallo ta zo yi.

Akwai wasu ƙananan dabaru da ke biye da wannan. A ɗauki hoton kowane yaro da waya a bakin ƙofar gida, da kayan da ke jikinsa a ranar, domin mai ruɗewa yakan manta ko launin rigar ɗansa. A rubuta lambar waya a takarda a saka a aljihunsa, ko a rubuta da biro a cikin damtsensa. A koya masa cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu, tunda "Baba" da "Umma" ba za su taimaki mai cigiya ba. A kuma koya masa cewa in ya duba bai ga kowa ba, ya tsaya cak inda yake, ya nemi mace mai goyo ko mai rumfar da ke kusa, kada ya bi wanda ya ce zo in kai ka. Idan abin ya faru, mutum ɗaya ya tsaya inda aka rabu da sauran yara, ɗaya ya nufi ƙofar fita ya sanar da masu gadi, ɗaya ya je wurin masu lasifika. A ɗaga murya ana faɗin kamanninsa, "yaro ɗan shekara huɗu mai jar riga", domin hakan yana mayar da duk wanda ya ji ya zama mai nema. Jin kunya a wannan lokaci ba shi da amfani.

Mataki na biyar: hanya

Yara a kujerar baya suke zama, a kulle ƙofa ta yadda ba za su iya buɗewa daga ciki ba, kuma kada uba ya ɗora yaro a cinya yana tuƙi. A tsaya duk bayan sa'a biyu su miƙe ƙafa su yi fitsari. Mai amai a mota a ba shi abinci kaɗan kafin tashi, a zaunar da shi inda iska ke shiga, a hana shi kallon waya. Ba a barin yaro a rufaffiyar mota ko da na shiga shago ne a fito, domin cikin mota a rana yana zama tanda cikin 'yan mintuna. Tafiyar gari zuwa gari kuwa da rana ake yin ta, bayan an tambayi direbobin tasha ko 'yan uwan da ke can halin da hanyar ke ciki a makon. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122, ta agajin gaggawa kuma 112.

Mataki na shida: wurin masu sana'a da baje koli

Yara sun fi son ganin ana yin abu a kan ganin abin da aka gama aka jera. Shi ya sa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ta fi musu manyan shaguna armashi. A je da safe lokacin da marina ke aiki, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗauki hoto. A tsaya da yaro a gefen rami guda ya kalli yadda ake tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka, a ɗago shi yana kore-kore, sannan iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonsa. Babu yaron da na kai wurin da bai tambayi dalili ba, kuma gara a bar marinin ya amsa masa da kansa. Daga nan a leƙa wurin mabuga, inda ake dukan yadi da manyan guduma na itace har ya yi sheƙi. Sai dai a sani ramukan suna da zurfi kuma bakinsu daidai yake da ƙasa, don haka hannun yaro ba ya barin hannun babba, mai rarrafe kuma a baya yake zama. A saya ko da ɗan ƙyalle ne kafin a tafi, tunda an tsayar da mutane daga aikinsu.

Kasuwar Kurmi, wadda ita ma tun zamanin Rumfa take, tana da dukawa da masu sassaƙa da masu kayan ado na doki, amma lungunanta matsattsu ne, ga masu kura da 'yan dako, don haka ta fi dacewa da yaran da suka haura shekara shida. Na kusa da Abuja za su iya zuwa Ushafa kallon ginin tukwane. A nuna wa yaro hoton Ladi Kwali a bayan takardar naira 20 kafin a je, sai ya ga cewa matan da ke murza yumɓu a gabansa sana'ar mai hoton suke yi.

Manyan kasuwannin baje koli, kamar na Kaduna da ake yi a filin da ke hanyar Zariya a farkon shekara, da na Kano da ake yi a titin gidan zu wajen ƙarshen shekara, sai an yi musu dabara. A shiga da hantsi kafin masu kiɗa su kunna lasifika, a fara nuna wa yara wata alama mai tsawo da za a haɗu in an rabu, sannan a zaɓi layi biyu ko uku kawai. Wanda ya ce sai ya zagaye filin gaba ɗaya da ɗan shekara uku zai ƙare da shi a kafaɗa. Lilo da majaujawa a bar su ƙarshe, domin in aka fara da su ba za a ga komai ba. Kafin a ɗora yaro kuma a tsaya a kalli zagaye ɗaya, a duba ko akwai abin ɗaurewa da kuma yadda mai kula da injin yake mayar da hankali. Jaka a rataye ta ta gaba saboda 'yan sane.

Mataki na bakwai: dawakai da namun daji

Hawan Sallah na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2024, kwanaki ake yi ana yinsa: hawan Sallah, hawan Daushe, hawan Nassarawa, sai na Ɗorayi ko Fanisau. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi, saboda haka a saurari rediyo kafin a yi wa yara alkawari. Katsina da Zazzau da Bauchi da sauran masarautu su ma suna nasu. Mai ƙananan yara kada ya nemi gaban layi. Doki yana firgita, kuma lokacin jafi a guje mahaya suke zuwa. Wuri mafi kyau shi ne bene ko dakalin wani ɗan uwa da gidansa ke kan hanyar da sarki zai bi. A gaya wa yara tun a gida cewa 'yan bindiga za su harba bindigar gargajiya mai ƙara da hayaƙi, jariri kuma a toshe masa kunne ko a bar shi gida. A juyo kafin a tashi, domin watsewar taro ta fi taruwarsa haɗari.

A gidan zu doka ɗaya ce: ba a zura hannu, ba a miƙa wa dabba abinci, ba a ɗora yaro kan shinge don ya gani da kyau. Jimina tana saran abu mai ƙyalli, biri yana fizge abin da ke hannu. A wanke hannu kafin a ci komai.

Mataki na takwas: kwana a Yankari

Yankari, a jihar Bauchi, an keɓe shi a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Daga garin Bauchi zuwa sansanin Wikki ya fi kilomita 100, kuma ko bayan an shiga babbar ƙofa akwai sauran tafiyar kusan kilomita 40 cikin daji, don haka a sha mai a gari, a sayi ruwa da abin da yara za su ci, a kuma isa da rana. A kama ɗaki ta waya tun kafin a taso. An fi ganin dabbobi a rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru kusa da kogin Gaji. Kada a yi wa yara alkawarin giwa, domin ana iya fita zagaye sau biyu ba a gan ta ba. A ce musu za a je neman ta, sai gwanki da ɓauna da gadar da aka gani su zama riba. A zagayen a sa musu kaya masu dogon hannu, masu launin ƙasa, saboda tsando yana bin shuɗi da baƙi. Wato rinin da aka sayo a Ƙofar Mata a bar shi a jaka.

Birai da gyado suna yawo a tsakiyar sansanin kamar awakin gida. Gwaggon biri ya san leda, ya san kula, ya kuma san cewa yaro ne mai sauƙin ƙwacewa. Kada a bar yaro ya fito da biskit a hannu, a rufe ƙofa da taga ko da ana ciki, in kuma biri ya kama abu a sakar masa. Ruwan Wikki kuwa garau yake, da ɗuminsa na kimanin digiri 31 dare da rana, rani da damina, kuma shi ne abin da yara za su fi tunawa. Garau ɗin nan yana ruɗin ido, domin akwai inda zurfinsa ya kusa mita 2 alhali ana hango yashin ƙasa; a tsaya da su a wurin da bai wuce gwiwarsu ba. Da daddare a ɗaura gidan sauro, ko da an ga ɗakin yana da raga.

Mataki na tara: teku

Bahaushen da ya kai iyalinsa Legas wurin 'yan uwa a Agege ko Idi-Araba, ko Ankara wurin dangi a Nima, da wuya ya dawo bai kai su ganin teku ba, kuma ya kamata, domin gani ya kori ji. Amma wanda ya iya iyo a kududdufi ko a dam ɗin Tiga ya sani cewa wannan wani ruwa ne daban. Gaɓar Atilantika daga Legas zuwa Kwatano da Lome da Ankara tana da igiya mai ƙarfi, kuma haɗarin ba a zuwanta yake ba, a komawarta yake: tana zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafa ta ja mutum ciki. Akwai kuma wuraren da ruwan ke komawa teku ta wata siririyar hanya da gudu, kuma abin takaici nan ne ya fi kama da wuri mai lafiya, domin igiya ba ta fashewa a wurin. Babban da ya samu kansa a ciki kada ya yi kokawa da ruwan yana neman gaɓa kai tsaye. Ya bar jikinsa ya taso, ya ɗaga hannu, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan.

Ga ƙananan yara, teku ta kallo ce da jiƙa ƙafa. A shimfiɗa tabarma can sama da inda yashi ya jiƙe, domin ruwan yana cikowa yana janyewa a cikin yini, kuma wurin da yake busasshe da hantsi yana iya zama cikin ruwa da azahar. A tona musu rami a yashi, a ɗebo ruwa da bokiti a zuba, su yi ta gini. Wannan zai riƙe su sa'a biyu. In za a je bakin ruwan, babba ɗaya yaro ɗaya, a riƙe shi a wuyan hannu ba a yatsu ba, kuma babban ya fuskanci tekun. Nutsewar yaro ba ta da ihu, shiru ake yin ta cikin ƙasa da minti, saboda haka mai tsaro ba ya riƙe waya. Balan-balan ɗin da ake hurawa a sa wa yaro a hannu ko a ƙugu abin wasa ne, ba ya hana nutsewa. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne doguwar riga da hijabi da zani in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa, don haka uwar da ke da goyo kada ta wuce inda kumfa ke tsayawa.

A zaɓi gaɓar da ke da masu ceto da rumfuna, a tambaye su inda aka yarda a tsaya, a kuma bi tutar gargaɗi in sun kafa. Irin su Elegushi a Lekki ana biyan kuɗin shiga, rumfa da kujera ma da nasu kuɗin, don haka a yi ciniki kafin a zauna. Safiyar ranar aiki ta fi dacewa da iyali, tunda yammacin Asabar da Lahadi kiɗa ne da shaye-shayen da ba kowane uba zai so 'ya'yansa su gani ba. Tarkwa Bay ruwanta ya fi kwanciya, sai dai da jirgin ruwa ake zuwa, kuma a nan ba ni da sassauci: babu rigar kariya daidai jikin yaro, babu shiga, jirgin da aka cika fiye da kima a bar shi ya tafi, ba a kuma ketare ruwa bayan faɗuwar rana. Mutanen Kano ba su manta da jirgin Bagwai na 2021 ba, wanda akasarin waɗanda suka rasu a cikinsa ɗaliban Islamiyya ne. Rana a bakin teku tana ƙona fata ko da baƙa ce, iska ce kawai ke ɓoye zafin, saboda haka hula da riga da inuwa da yawan shan ruwa, jariri ɗan ƙasa da wata shida kuma ba ya barin rumfa.

Mataki na ƙarshe: juyowa

A juyo tun yara suna cewa a ƙara kaɗan. Alamar lokaci ya yi ita ce autan ya fara murza ido, ko ya fara neman a ɗauke shi, ko ya yi kuka kan abin da bai kai ya kawo ba. A sanar da su saura abu ɗaya a tafi, a bar su su zaɓi abin, sannan a ƙirga su da suna a bakin mota kamar yadda aka ƙirga da safe. A gida a yi musu wanka da ruwa mai daɗi don fitar da gishiri da yashi, a duba tsakanin yatsun ƙafa da bayan kunne. Zazzaɓin da ya biyo bayan tafiya cikin mako ɗaya ko biyu a kai shi gwajin maleriya, a kuma faɗa wa likita inda aka je. Yaron da ya shiga rafi ko dam ko kududdufi a hanya a sa ido kan fitsarinsa har tsawon watanni, domin tsargiya ba ta nuna kanta da wuri, kuma da zarar an ga jini a ciki asibiti za a nufa.